Zanen Ruwa a Katangar Alu Magini

Ni ne Hamma Mai-Sawu. In ka shigo Bagudo ka tambayi gidana aka ce ba a sani ba, to baƙo ka tambaya. Shekara hamsin da ɗoriya ina bin sawun ɓarayin shanu, daga nan har Tsamiya, in tsallaka ƙasar Benin in dawo da saniya har da igiyarta. Kwale-kwale ya kife da ni a Kwara sau biyu. Bijimi ya karya mini ƙafar hagu, shi ya sa nake ɗingishi. Maciji ya taɓa sarana, shi ne ya mutu. Ban taɓa zama aji ba, kuma wanda na sa ya rubuta wanga labari na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Abin ya faru ranar wata Asabar da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa.

Akwai wata Bayarbiya mai ɗinki a bakin kasuwa, Bisi, muna ce mata Maman Ife. Shekararta ashirin da uku a garin nan tana zaman haya, Hausarta ta fi ta wasu da aka yanke wa cibi a nan. Mai gidan da take ciki ya ce ƙarshen wata ɗansa zai tare, ta nemi wuri. Sai ta ce ta gaji da ɗaukar katifa a kai, gida za ta saya. Abu guda ta rantse a kai: ba za ta sake kwana inda ruwa ke shiga ba, don wata shekara ambaliya ta cinye mata keken ɗinki biyu a wani gidan haya kusa da fadama.

Da ta samu gidan da ya yi mata, wurina ta zo, don ta san inda ake samun hankali. Na ce mata, ɗanɗani ruwan rijiyar da bakinki. Ƙwanƙwasa azara ki ji ko gara ta ci. Tambayi maƙwabta ɗaya-ɗaya, kada ki haɗa su. Ki tabbata duk magada sun dangwala. Sannan ki dubi gindin katanga, don ruwa in ya shiga gida sai ya bar zane. Ni da kaina na je na zaga mata gidan ranar Talata, na ce ta saya.

Gidan na marigayi Alu magini ne, mutumin da ya gina rabin unguwar, wanda in ya gama aiki sai ya danna tafin hannunsa a ɗanyen siminti, wai a san nasa ne. Ɗansa Abdulganiyu ya samu aiki Birnin Kebbi, shi ke sayarwa. Shi da ƙanwarsa da uwarsu Sabuwa duk sun dangwala a takarda, an kwashe kaya, tsohuwar ta koma gidan ɗiyar tata kafin tafiya.

Mu nan ba a sa hannu a takardar gida sai an yi zagayen iyaka. Mai unguwa a gaba, mai saye da mai sayarwa, dillali, maƙwabta da shaidu, a zaga gidan ta waje kowa ya ga inda ya fara da inda ya ƙare. Muna cikin zagayen muka karya kwana muka shiga lungun baya. Tsofaffin zana da ke jingine da katangar tun ran gini, sai ga su a ƙasa. A jikin katangar kuwa ga zane na busasshiyar laka, daga wannan kusurwa har waccan, daidai ƙugun mutum.

Maman Ife ta dafa kai.

“Abdul,” ta ce, “wannan mene ne?”

“Wallahi Maman Ife ban sani ba! A gidan nan aka haife ni, ruwa bai taɓa wuce bakin lungu ba.”

“To don mi ka yi sabon fenti daga ciki?” in ji wani daga baya.

“Don in sayar mana! Wa ke sayar da gida da dauɗa?”

“Ka shafe na ciki, ka rufe na waje da zana,” in ji wani kuma. “Allah ya turo awaki suka tona ka.”

Kafin a ce haka rabin unguwa ta cika lungun. Abin mamaki, mutanen da jiya suka rantse wa Maman Ife ruwa bai taɓa zuwa nan ba, yau duk sun tuna. Wata ta ce shekarar da ta yi goyon fari da kwale-kwale aka fitar da Alu. Wani tsoho ya ce shi da hannunsa ya kama tarwaɗa a zauren, har ya gwada tsawonta.

Maman Ife ta mayar da biro cikin jaka.

“Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba. Kwana tara ya rage mini, ban san inda zan kai kekena ba, amma ba zan sayi rafi ba.”

Mai unguwa ya dube ni. Dama in abu ya cije ni ake duba.

“Hamma, kai ka ce ka zaga gidan nan.”

“Na zaga.”

“Ka ɗaga zanar?”

Na ce masa mai bin sawu ƙasa yake kallo, ba zana ba. Ya ce to ya ba ni zuwa gobe la'asar. In zanen na ruwa ne, ciniki ya rushe, Abdulganiyu ya biya wahalar mutane. In kuwa akwai wata magana, in kawo ta.

Na kori kowa daga lungun, duk da sun riga sun tattake rabinsa awa garken shanu. Na durƙusa a ɗaya rabin. Abu na farko da na gani, an share gindin katangar tas, faɗin kamu biyu, shara mai kyau, tsintsiya na bin tsintsiya. Awaki ba su shara. Na kankare lakar da farce: waje ya bushe, ciki da sauran danshi. Ambaliyar bara ba ta danshi bana.

Can gefen sharar sai ga sawu. Na ce alhamdu lillahi. Namiji ne, tsoho, takalmin taya sabo, yana jan ƙafa ɗaya, yana tsayawa ya tofar da goro. Na karanta shi tsaf: wanga mutum mai son a gan shi ne, ko tafiyarsa ta nuna. Na bi shi. Ya fita lungu, ya bi bayan masallaci, ya tsaya wurin mai tsire ya daɗe bai sayi komai ba. Na ce ga shi kuma da rowa. Ya ratsa ta injin niƙa, ya karya dama. Rana ta take, gumi na zuba, ni dai kaina ƙasa. Sawun ya shiga wani zaure, na shiga. Ya tsaya bakin wata tabarma.

Na ɗaga kai, sai ga matata Hamsatu tana tankaɗe.

“Malam, ka kama shi?”

Na dubi takalmin da na saya ran Litinin. Na ce mata ruwa na zo sha.

Duk wanda ya yi dariya bai san sana'ar ba. Mutum sawunsa a bayansa yake, yaushe zai san shi? Kuma a faɗa mini wani mai bin sawu a duk Kebbi da zai bi sawun kwana huɗu cikin gari har tabarmar mai shi bai ɓata ko sau ɗaya ba.

Ruwan da Hamsatu ta ba ni ma shi ya buɗe mini ido. Na karkata ƙwaryar zan sha, na ga ƙwarya ta karkata, ruwa bai karkata ba. Na ajiye na koma lungun da sauri. Lungun gangare ne, yana sauka wajen rafi. Na tsaya a sama, zanen yana ƙuguna. Na gangara ƙasa, zanen yana ƙuguna. Da ruwa ne, in ya kai ƙugu a sama, a ƙasa sai ya kai wuya. Wanga ruwa da ƙafa ya taka ya bi gangare, riƙe da tsumma.

Saura in san mai ƙafar.

Na fara da Muhsin dillali, don in gida ya samu matsala dillali ake fara shinshinawa. Na same shi a teburin mai shayi ya zabga tagumi. Kafin in gaishe shi na gaida babur ɗinsa: ƙura har kan madubi, ga jarkar mai ɗaure a baya irin ta bakin iyaka.

“Muhsin, yaya Tsamiya?”

“Baba Hamma, wa ya ce na je Tsamiya?”

“Tayarka. Ta ce jiya ka je, kuma akwai maganar da ka ƙullo a can.”

Ya waiga hagu da dama, ya matso.

“Baba, don Allah kada Maman Ife ta ji. Akwai wani Alhaji daga ƙetare, mai harkar mai, yana son gida a Bagudo. Na je na ajiye shi ne kawai, ko da cinikin nan zai faɗi.”

“Sai ka taimaka masa ya faɗi.”

“Ni? Dubi nan!” Ya turo mini waya a fuska. “Tun kafin mu fito daga lungun wani ɗan albarka ya ɗauki hoton katangar ya watsa. Alhajin ya kira ni ya ce shi gida yake nema, ba tafkin kifi ba. La'ada biyu na rasa kafin azahar. Kuma jiya can na yi Juma'a, tambayi kowa, sai magariba na shigo.”

Na sa ya saya mini shayi saboda ɓata mini lokaci da ya yi.

Daga nan sai maƙwabcin gidan, Bunyaminu, manomin shinkafa da ya taso daga Kaoje shekara uku da suka wuce. Kowa ya san ya taya gidan da araha an hana shi. Na same shi yana shanya, ƙafafunsa laka har gwiwa.

“Bunyaminu, wagga laka kamar na gan ta wani wuri.”

“Ka gan ta a ƙafar kowa, Baba. Garin nan wa ba ya shiga fadama?”

“An ce kana son gidan Alu.”

“Ina so. Har yanzu ina so. In ya faɗo warwas zan ɗauka, ba na ɓoyewa.”

“Da safe da aka tambaye ka ko ruwa na shiga, mi ka ce?”

“Na ce ban gani ba, ban kuma ce babu ba.” Ya yi murmushi. “Amma Baba, ni ruwa ya ci gidana sau uku a Kaoje. Na san zanensa awa fuskar uwata. In da ni zan yi, sai na ɗaura igiya na daidaita, na watsa ciyayi da bawon katantanwa. Wanga aikin wanda bai taɓa kwana kan rufi ba ne.”

Wato shi ma ya gane, ya yi shiru don farashi ya faɗi. Na ce masa Allah ya shirye shi. Sannan na tambaye shi yaushe ya ga zanar a tsaye.

“Jiya da zan tafi masallaci ta lungun na bi, tana tsaye. Da muka sauko, tana ƙasa. Na ɗauka iska ce.” Ya rage murya. “Lokacin Juma'a fa, Baba. Duk maza na masallaci. Wa ba ya zuwa Juma'a, kuma zai ji daɗi in aka rage kuɗin gidan? Ni ban kama suna ba.”

Bai kama ba, amma kafin la'asar sunan Maman Ife ya zaga kasuwa. Na leƙa shagonta na same ta zaune, keke a rufe.

“Baba Hamma, shekara ashirin da uku ina ɗinka musu kayan suna da na biki. Yau ni ce mai shafa laka?”

Na ce ta buɗe kekenta ta yi aiki, Hamma na raye.

Mutum ɗaya ya rage da zai faɗi tarihin gidan, Sabuwa. Sai na faɗi gaskiya, ban so zuwa ba. Ni da Alu tare muka nemi aurenta, ta zaɓe shi, wai shi yana tsayar da abu, ni kuwa kullum ina bayan abin da ya riga ya wuce. Na yafe mata tuntuni, ina dai tunawa ne.

Na same ta gidan ɗiyarta, 'yar guntuwar tsohuwa, tana ɗaure sabuwar tsintsiya.

“A'a, Sarkin Sawu! An ce yau ka yi babban kamu.”

“Wa ya faɗa miki?”

“Hamsatu ta aiko. Ta ce ɓarawon har tuwo ya ci.”

Na share wannan. “Sabuwa, tsakaninki da Allah, ruwa ya taɓa shiga gidan Alu?”

“Kullum ma. Da guga muke jawo shi.”

“Ambaliya nake nufi.”

“Hamma, na tsufa. Abin da na ci da safe ma sai an tuna mini.”

“Ɗanki ake kira maƙaryaci a gari.”

Hannunta ya tsaya a kan tsintsiyar. Sannan ta ci gaba da ɗauri.

“Abdul ba ya ƙarya. In gidan bai sayu ba ai sai a bar shi, ba ya cin tuwo.”

“Yaushe za ku Birnin Kebbi?”

“An ce bene ne. An ce in na leƙa ta taga zan ga motoci.” Ta tsuke baki. “Ka gaida Hamsatu. Ka bi hanya sosai, kada ka ɓata.”

Na fito raina a ɓace, ba abin da na samu sai baƙar magana.

Washegari da sassafe na koma lungun. Duk mai bin sawu ya san rana in tana fitowa ta kwanta a gefe, abin da ya lotsa ko kaɗan sai ya yi inuwa. Na bi zanen a hankali, hancina kusa da katanga. Wajen tsakiya, daidai bayan ƙuryar ɗaki, sai na ga zanen ya yanke. Tazarar ba ta fi tafin hannu ba, sannan ya ci gaba. Jiya na gan ta na ɗauka tsumma ne ya bushe. Yau da rana ta haska sai na ga abin da ke wurin.

Sannan na je na ce wa mai unguwa ya tara mini mutum biyar bayan la'asar, kuma ya sa a tare bakin lungu kada 'yan kallo su shigo.

Suka zo: Abdulganiyu ido ya faɗa, Muhsin, Bunyaminu, Maman Ife, sai Sabuwa da aka kawo wa kujera 'yar tsugune. 'Yan kallo da aka hana shigowa suka hau katangar Bunyaminu suka jeru.

Na sa aka kawo ƙwarya da ruwa, na karkata ta a gaban mai unguwa, na nuna masa gangaren lungu, na kankare laka na ba shi ya taɓa. Na yi bayani mai daɗi, har wani a kan katanga ya ce a maimaita.

“Wato ba ruwa ba ne,” in ji mai unguwa.

“Ruwa bai taɓa zuwa nan ba, ranka ya daɗe. Wanda ya kama tarwaɗa a zaure sai dai in a miya ya kama ta.”

Abdulganiyu ya sauke numfashi ya zauna a ƙasa. Maman Ife ta ɗaga hannu sama tana magana da Yarbanci.

“To wa ya yi?”

“An yi shi lokacin Juma'a. Muhsin yana Tsamiya yana cin amanar Maman Ife, wannan laifi ne amma ba shi muke bi ba.”

“Baba, ai mun yi da kai...”

“Ban yi da kai ba, shayi na sha. Bunyaminu kuwa ya gane ƙarya ce tun jiya ya yi shiru. Shi ma Allah na ganinsa. Amma ku matso ku ga wani abu.”

Na kai su inda zanen ya yanke. A cikin simintin ga tafin hannu babba, yatsu a baje, tsaf, ko ɗigon laka babu.

“Hannun Baba ne,” in ji Abdulganiyu. “Na manta ma yana nan.”

“Mai tsumma ya zo nan ya ɗaga hannunsa ya tsallake. Muhsin zai tsallake? Bunyaminu zai tsallake? Maman Ife ta san Alu da wani hannu a bayan zana? Duk da sun shafe sun wuce.”

Bunyaminu ya nuna Abdulganiyu. “To ai ɗansa...”

“Haka na ce da farko. Sai na duba gefe.”

Na jiƙa gefen rawanina a ƙwaryar na goge lakar da ke dab da babban hannun. A hankali wani hannun ya fito, ƙarami, siririn yatsu, ɗan yatsansa na taɓa na Alu.

“Hannu biyu ne a nan. An tsallake ɗaya, an shafe ɗaya ba ko tausayi. Ɗa ba zai kare hannun ubansa ya dame na uwarsa da laka ba. Ɗiya ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya da wanga babban hannu ke da daraja a wurinsa, ƙaramin kuwa bai dame shi ba, don kullum yana tare da shi, da shi ma ya riƙe tsumman. Kuma mutum ne da ko ɓarna ya yi, ba ya iya tafiya bai share wurin ba. To, ranka ya daɗe, in aka dubi tsawon...”

“Kai Hamma, isa haka,” in ji Sabuwa. “Tun muna yara ba ka iya isa wuri sai ka zaga gari. Ni ce.”

Wani ya faɗo daga kan katanga.

“Inna!” Abdulganiyu ya miƙe. “Inna, ke? Kin ji abin da aka kira ni a garin nan?”

“Na ji. Shi ya hana ni barci, ba don haka ba da Hamma ya shekara yana bin kansa.”

“Amma Inna ai kin dangwala! A gaban mai unguwa kika dangwala!”

“An kawo mini takarda gaban maza takwas, an kama yatsana an ce Inna sa nan. Cikinku wa ya ce Inna kina so? Kai ka tambaye ni? Shi mai unguwa ya tambaye ni? Wancan mai dogon bayani da ya ce a tabbata magada sun dangwala, ya ce a tambaye su?” Ta nuna katangar da haɓa. “Ranar da ubanka ya gama ɗakin nan ina da cikinka. Ya sa hannunsa, ya kama nawa ya sa. Shekara arba'in da ɗaya ina kwana da kaina a jikin wagga katanga. Yanzu a ɗauke ni a kai ni bene in riƙa ƙirga motoci?”

Mai unguwa ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa wani abu ya faɗa mini a ido, ƙurar lungu ce.

Sabuwa ta juya wajen Maman Ife. “Ɗiyata, ke na zalunta. Ban yi don ke ba, amma ke ya faɗa wa. Ki yafe mini.”

Maman Ife ta tsaya tana kallon hannayen nan biyu. Kowa na jira ta yi faɗa, don ta iya. Sai ta je ta durƙusa gaban kujerar, gwiwa biyu, irin gaisuwarsu.

“Inna, wane ɗaki ne naki?”

“Na ƙurya. Wanga da ke bayan katangar.”

“Ranka ya daɗe,” ta ce da mai unguwa, “Inna tana da rabo a gidan nan, ko ba haka ba?”

“Tana da tumuninta, ɗaya cikin takwas.”

“To ni ban sayi wannan ba. A cire ɗakin ƙurya daga takarda, ya zauna nata. Ni ɗaki biyu da zaure da rijiya sun ishe ni. Ife tana makaranta, ni kullum ina shago, dama ina tunanin wa zai riƙa jin motsin gidan.” Ta dubi tsohuwar. “Amma da sharaɗi. Ranar Lahadi ina waƙar coci da ƙarfi.”

“Ni kuma ina tashi tun assalatu in yi shara. Kowa ya yi haƙuri da kowa.”

Abdulganiyu ya fara cewa ai mutane za su ce ya yar da uwarsa. Sabuwa ta ce mutanen da suka kama tarwaɗa a zaure su ce abin da suka ga dama, ga ƙanwarsa nan lungu biyu, shi dai ya riƙa zuwa da sallah. Muhsin ya tambaya ko la'adarsa ma za a cire mata tumuni, Maman Ife ta ce ya je Tsamiya ya tambaya. Bunyaminu ya ce shi dama can ya san za a daidaita.

A nan cikin lungu aka gyara takarda a kan gwiwar mai unguwa. Wannan karon ya cire hula ya tambayi Sabuwa sau uku ko ta yarda, har ta ce in ya sake tambaya za ta fasa. Maman Ife ta sa hannu, shaidu suka sa, ni ma na dangwala, kuma duk takardar ba yatsan da ya fito kamar nawa. Aka yi fatiha, ita ma ta yi tata addu'ar. Kwana uku bayan haka aka shigo da keken ɗinki a amalanke. Shawarar barin ɗakin ma, in aka bi diddigi, daga bayanina ta fito, ko da yake ba a faɗa ba.

Ranar tarewar na bi ta lungun, na tarar da Sabuwa da bokiti tana wanke katangar. Ta wanke ko'ina, ta tsaya a kan hannayen tana bin tsakanin yatsu da tsinke.

“Sabuwa,” na ce, “yanzu dai kin yarda akwai mai bin sawu a garin nan.”

“Akwai.”

“Abu ɗaya ne ban gane ba. Kin share sawunki tas. Nawa yana nan kamu ɗaya daga tsintsiyarki, don mi kika bar shi?”

Ko waigowa ba ta yi ba.

“Na san za ka bi shi. Na ce ko ba komai in samu yini guda.”

Na tsaya na auna maganar. Wato duk garin nan, da mai unguwa da shaidu da 'yan boko, ba wanda ta ji tsoro har ta ɗana wa tarko sai ni. Na faɗa mata haka. Ta ce in matsa, ina taka mata inda ta share.